Allon da Aka Hana Nives

Inji biyu ne a shagon da ke bayan gidan yayata Nives, a nan Maniago, kuma tun ranar da aka kafa su kowa ya san nasa. Na bakin taga na mijinta Tarcisio ne. Na lungu, inda sai an kunna fitila ko da rana tsaka, shi ne nata. Ni Odilla ina ɗakin gaba ina saka wa wuƙaƙe ƙota. Ƙofar da ke tsakaninmu ba ta rufuwa, don haka babu abin da ya wuce ni.

Bel ɗin samfefa ne ke gudu a kan injinan biyu, bambancin yana ga abin da ke bayan bel ɗin. A na Nives tayar roba ce. In ka danna ruwan wuƙa a kanta sai ta ci shi da ɗan kwarmi, daidai zagayenta, kaifin ya fito siriri kamar reza. A na Tarcisio allon ƙarfe ne shafaffe, fuskar wuƙa takan sauko a miƙe tun daga gadon baya har baki. Nives ke yin ƙananan wuƙaƙen da manoma ke yi wa itacen inabi aure da su, da na ninkewa a sa aljihu. Kwali-kwali ake ɗibar su, su ne kuma abincin gidan. Tarcisio manyan wuƙaƙen girki yake yi, ɗaiɗai, masu dafa abinci na Udine da Trieste su zo da kansu su ɗauka.

Ya iya, wannan ba mai musu. Ka ɗaga wuƙarsa a hasken taga, hasken zai zubo daga gindi zuwa tsini bai karye ko'ina ba. Sai dai yabon nasa aikin bai taɓa isarsa ba sai ya haɗa da rage nata.

"Taya ai ita ke aikin," haka yakan ce wa baƙi. "Da ta ɗan yi kwarmi shi ke nan, wuƙa ta zauna a ciki, ko makaho ya ƙarasa. Allo kuwa ba ya riƙe maka komai. Hannunka ne, sai hannunka."

Wani lokaci Nives tana tsaye da tiren kofi yake faɗin haka. Nakan ce masa, "To malam mai hannu, tuwon masarar da ka ci yau taya ce ta saya, ka gode mata." Sai ya yi dariya ya ce bakina ya fi duk wuƙar da ke shagon kaifi, shi ya sa na rasa mai ɗauka. Nives ba ta dariya.

Abin da baƙin ba su sani ba, a allo Nives ta koyi aiki. Mahaifinmu magogin wuƙa ne, bai haifi namiji ba, sai ya tsayar da ita a gefensa tun tana ɗaura kitso biyu. Da ta auri Tarcisio ya ce allo ɗaya ya ishi gida ɗaya, ƙananan wuƙaƙe kuma su ne ke da kasuwa, ta riƙe taya zuwa wani lokaci. A shekararsu ta farko ya tafi Pordenone sayen ƙarfe, ta ɗauki ɗaya daga cikin manyan ta goge ta a allonsa, ta ajiye masa a kan tebur. Ina nan ya dawo. Ya ɗaga ta a taga ya daɗe yana juyawa. Bai ce ta yi kyau ba, bai ce ba ta yi ba. Ya kunna inji ya sake bin fuskar duka biyu, ya ce ya ɗan gyara. Daga ranar ba ta ƙara taɓa allon ba, wani lokacin da ya ce kuma bai zo ba har gashin kansu ya yi fari.

Ni a ƙaramin kofin kofi na fara gane rawar hannunsa, yadda yake ƙara a kan faranti in zai ajiye. Da na yi wa Nives maganar sai ta ce ta riga ni da wata da watanni.

"A kunne na ji," in ji ta. "A da kukan bel ɗinsa ɗaya ne daga gindi har tsini. Yanzu yana yankewa."

"Kin yi masa magana, Yaya?"

"In ce me? Ya fi ni sani."

Ya sani ɗin. A ƙasan durom ɗin da muke zuba guntayen ƙarfe na tarar da manyan wuƙaƙe an binne su, sababbi, ba a ko saka musu ƙota ba. Na ɗaga ɗaya a haske, fuskar duk tudu da kwari, kamar ruwan da iska ta taɓa. Wata kuma garin gyara ya ci ta har ta zama siririya ba ta da amfani. Na mayar na rufe yadda na same su. Daga baya ɗiyarsu da ke aure a Padova ta zo ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce za su rage, amma warkewa babu.

Ranar wata Asabar bayan mun ci abincin rana Nives ta yi maganar. Ta kwashe kwanuka, ta goge tebur, ta dawo ta zauna tana fuskantarsa, abin da ba ta saba ba.

"Tarcisio, mu yi musanya."

"Musanyar me?"

"Ka koma taya. Kai da bakinka ka ce tana riƙe wuƙa, to za ta riƙe maka. Ƙananan ba su da nauyi. Ni in hau allo in yi manyan. Sunanka ne dai a jiki, ba wanda zai tambaya."

Ya dube ta, ya dube ni, kamar mu biyu muka ƙulla. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa yana rawa, ya ɗora na hagu a kai.

"Ke ki hau allona."

"Na Baba na hau kafin in san ka."

"Wannan wasan yara ne. Shekara nawa rabonki da shi? Ki ɓata mini ƙarfe, ki ɓata mini suna?"

"Ƙarfen da ke ƙasan durom ni na ɓata shi?"

Ban taɓa jin ta mayar masa da magana irin haka ba. Ya tashi a hankali, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai dawo ba sai da aka kaɗa ƙararrawar coci ta yamma.

Ranar Litinin na zo aiki na tarar an juya shagon. Ya kira maƙwabci sun ja injin Nives zuwa bakin taga, nasa an tura shi lungu, ba bel, ba allo, sai ramukan kusoshi. Allon ya kwance shi, ya naɗe da tsumma mai mai, ya kulle a kabad ɗin kayan aikinsa. Yana tsaye gaban taya da babbar wuƙa a hannu. Nives tana bakin ƙofa da rigar aikinta a jiki.

"Na yi tunani," ya ce, bai juyo ba. "Kin yi gaskiya, zan koma taya. Manyan ma a nan zan riƙa yin su. Da ma mutane sun fara son mai kwarmi."

"Ƙananan fa?"

"Zan haɗa."

"Ni kuma fa?"

"Ki taya Odilla saka ƙota. Kin sha tsayuwa, ki huta."

Ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗauki guntun itacen zaitun tana juyawa a hannu. Na ce mata a hankali allo ba gwal ba ne, kowane maƙeri zai yanka mata wani kafin azahar. Ta ce, "Ba allon ba ne, Odilla."

Taya kuma ba ta yi masa biyayyar da yake ba da labari ba. Kwarmi yana sa kaifi ya yi siriri da wuri, siririn ƙarfe kuwa nan da nan yake ɗaukar zafi. Kafin ya tsoma a bokiti bakin wuƙa ya yi shuɗi, ya ƙone. Wata ta yi kwarmi biyu, ɗaya a kan ɗaya, don bai san yadda ake komawa cikin na farko ba. Kwana da kwanaki muna jin yana tsaki yana jefawa a durom, yanzu ko binnewa ba ya yi. Nives tana saka ƙota a karkace, ina bi ina cirewa. Ƙarshe ta kasa daurewa, ta tashi ta tsaya bayansa.

"Sauke gwiwar hannunka. Kada ka nemi wurin da ido, bari wuƙar ta faɗa da kanta, za ka ji. Kada ka danna. Ɗaga, tsoma. Tun kafin ta yi zafi za ka tsoma, ba bayan ta yi ba."

Ya bi abin da ta ce, wuƙar ta fito daidai. Ya duba ta a taga.

"Ai abin da nake yi ke nan tun ɗazu," ya ce.

Haka ta koya masa aikin da ya ce makaho ma zai yi, ta kuma koya masa da gaske, ba ta ɓoye komai ba. Taya ta riƙe masa rawar hannun kamar yadda ta faɗa. Ƙananan wuƙaƙen suka ci gaba da fita, ba su kai nata ba amma manoma ba su yi ƙorafi ba. Manyan ne matsalar.

Da kaka Ermes ya zo. Mai gidan abinci ne a Udine, ƙato mai sanƙo, ya fi shekara ashirin yana sayen wuƙa wurin Tarcisio. Ya shigo da kabewa a hammata da sabuwar wuƙar da aka aika masa a naɗe cikin tawul. Ya gaishe mu, ya ɗora kabewar a kan teburina, a tsakiyar ƙotoci.

"Maigida, zo ka gani. Ba faɗa na zo yi ba."

Ya kafa wuƙar ya danna. Ta shiga sumul har iyakar kwarmin, daga nan ta cije, inda kaurin ya taso gaba ɗaya. Ya danna da hannu biyu, kabewar ta tsage gefe da ƙara maimakon ta yanku.

"Haka take mini a cuku, haka a dankali. Kaifi kam akwai, har gashin hannu tana askewa. Amma ni ba wanzami ba ne. Ina irin ta da?"

"Wannan ita ake yayi yanzu," in ji Tarcisio. "Hannunka ne bai saba ba."

"Hannuna." Ermes ya yi ɗan murmushi. Idonsa ya sauka kan hannun Tarcisio, ya yi saurin ɗaukewa, ya kai kan injin da ke lungu ba allo, sannan kan Nives da ke zaune da manne a yatsu. Mutumin kirki ne, bai ƙara ko kalma ba a kan wuƙa. Ya sha kofi, ya tambayi lafiyar jikoki, ya bar mana kabewar. Bai sake aiko da saƙo ba. Na Trieste ma ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru.

A makon ne Nives ta haye kogi ta je wurin Gigliola, wata matashiya da ta gaji shagon mahaifinta, tana neman mai goge manyan wuƙaƙe ta rasa, don samarin garin duk sun tafi manyan masana'antu inda inji ke yin komai. A teburin abinci ta gaya wa mijinta, ina zaune.

"Gobe zan fara aiki wurin Gigliola."

"Aikin me?"

"Allo."

Cokalinsa ya yi ƙara a bakin kwano. "Ki bar shagon mijinki ki je ki yi wa sa'ar 'yar cikinki aiki. Me mutane za su ce?"

"Za su ce Nives tana aiki."

"Za su ce Tarcisio ya ƙare."

"Da ka bar ni a nan, da ba wanda zai ce komai. Ni na kawo maka wannan har gabanka."

Ya ce in ta fita kada ta ƙara taka masa shago. Ta ce to. Kuma ba ta ƙara takawa ba, ko tsintsiya take nema sai ta aike ni.

Ba zan ce ta je ta ba kowa mamaki ranar farko ba. Shekarun taya sun zauna mata a hannu, tana ta neman kwarmin da babu. Ta ɓata ƙarfe mai yawa, har Gigliola ta fara kallon ƙasa in suna magana. Takan dawo gida kafaɗunta sun yi tsami, ta dafa abinci, su ci ba mai ce wa wani uffan. Sai wajen Kirsimeti hannun ya dawo. Na je kai mata saƙo wata safiya na same ta a bakin taga, tartsatsi na zuba cikin bokiti, tana jan wuƙa daga gindi zuwa tsini a numfashi ɗaya, tana motsa jikinta duka ba hannu kaɗai ba, yadda Baba yake yi. Ta kashe inji ta miƙo mini.

"Duba mini, idona ya gaji."

Idonta bai gaji ba, so take wani ya gani. Na ɗaga, na juya, ban sami inda zan sa baki ba. Na ce, "Yaya, ai sai ki saya mini giya." Ta yi dariya har tana share ido da bayan hannu. Rabona da jin wannan dariyar tun muna gidanmu.

Labari ya kai Udine. Ermes ya zo shagon Gigliola ya saya, na Trieste suka biyo. Sunan mahaifin Gigliola ne a jikin ƙarfen, amma a garin nan ba a ɓoye wa kowa hannun wa ya goge wuƙa.

Damina ɗaya da rani ɗaya ta samu cikakku. Da sanyi na biyu ya shigo yatsunta suka fara yin fari fat da safe, kamar kyandir, sai ta daɗe tana murza su a ruwan ɗumi kafin jini ya dawo. Da ma sun daɗe suna mata haka kaɗan-kaɗan, duk wanda ya yi shekaru yana riƙe ƙarfe a jikin taya mai girgiza ya san abin. Amma yanzu ji ya fara ɗaukewa. Magogin wuƙa da yatsa yake jin zafin ƙarfe, da yatsa yake jin ko fuska ta kwanta a allo. Wata rana ta dawo da bororo a babban yatsa, ba ta san lokacin da ta ƙone ba. Sai bakin wuƙaƙe ya fara yin shuɗi a hannunta. Likitan da ya duba mijinta shi ya duba ta, ya tambaye ta shekara nawa ta yi a taya, da ta faɗa ya gyaɗa kai kawai.

Gigliola ta ce ta zauna ta riƙa naɗe kaya a kwali, ba ta son rabuwa da ita. Nives ta gode mata, ta ninke rigar aikinta ta taho gida. A hanya, kan gada, ta ce mini, "Mai kyan hannun nawa a lungu ya ƙare. Ragowar na kai wa allo."

Tarcisio ma bai daɗe ba ya rufe shago, rawar ta fi ƙarfin taya. Na koma saka wa wasu ƙota a gidana, ina leƙa su da yamma. Zama suke kamar baƙi biyu a tashar jirgi, shi yana kallon talabijin, ita tana kallon lambu. Tana ba shi ƙwayoyinsa a kan lokaci, ba ta taɓa fashi ba.

Wata yamma ta shiga lambu cire ganyen salak, ya kira ni da hannu in matso. Muryarsa ma ta fara rawa a lokacin.

"Na ga wata wuƙa wurin mahauci," ya ce. "Tata. Na ce ya ba ni in gani, na fita da ita waje."

"To?"

"Na nemi abin da zan ce na rasa." Ya kalli ƙofa. "Ko lokacin da nake ni, ban fi haka ba. Tun wadda ta yi mini muna sabon aure na sani."

"Ga ta can a lambu, Tarcisio. Ƙafarka ai ba ta rawa."

"Kada ki gaya mata."

"Ni ka mayar akwatin ajiya?"

Ya ƙara muryar talabijin.

Na fita na same ta a durƙushe, tana cire ganyen da tafin hannu biyu don yatsun ba sa kamawa. Na gaya mata duka, kalma da kalma. Ban san abin da nake tsammani ba, wataƙila kuka, wataƙila ta tashi ta shiga ciki. Ta ci gaba da abin da take yi har kwandon ya cika.

"Na san ya sani," ta ce. "Da bai sani ba ai da na yafe masa tuni."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta karkaɗe ƙasa daga gwiwarta. Ta tambaye ni ko zan tsaya cin abinci, na ce zan tsaya. Ta ce to in zo in yanka mata albasa, shi yana son ta ƙanana.